Minti Shidan da Ba a Ɗauka Ba

Litinin

Zuwa ga ƙanena, Malam mai tebur,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka don Inna ta koya mana gaisuwa, ba don raina ya so ba. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka.

Kada ka wahalar da kanka da kiran wayata, na toshe lambarka. In na ji muryarka zan faɗi abin da har mu mutu ba zai gogu ba, shi ya sa na zauna a kan bencin shagon walda na ɗauki biro. Zan ajiye takardar nan a ƙarƙashin rediyon Inna, tunda ɗakinta ne kaɗai ƙafata da taka za su riƙa takawa yanzu. Ba ta iya karatu ba, kuma kada ka kuskura ka karanta mata.

Tambaya ɗaya gare ni. Ranar Asabar, a wasan ƙarshe na ƙwallon kwando na 'yan mata, ƙungiyarmu ta ci maki sittin da ɗaya, abokan karawa hamsin da takwas. Cikin sittin da ɗayan nan, talatin da ɗaya 'yata Barewa ce ta zuba su da hannunta. Kai malamin lissafi ne, ni mai walda ne, amma ko ni na san wannan ya haura rabi. To da wane irin lissafi aka ɗauki kyautar gwarzuwar wasa aka danƙa wa gajeriyar nan ta ƙungiyarmu, 'yar mai wanki, da kuke kira Kaska, wadda duk wasan maki shida ta ci?

Ka san ba kofin ne ya dame ni ba. Wadda aka zaɓa ita ke samun gurbi ɗaya tilo a makarantar wasanni, karatu da horo kyauta har shekara uku. Barewa ta cika sha takwas, baɗi ta wuce shekarun shiga. Wannan ce damarta ta farko, ita ce kuma ta ƙarshe.

Ku uku kuka yi zaɓen: babban rafali, matar da makarantar ta turo, da kai da kake zaune a teburin rubuta maki. Kowa ya rubuta lambar rigar gwanarsa a ƙaramar takarda, wai sirri ne. To mai shara bai riga ni zuwa teburin ba, na tsinci takardun uku a ƙarƙashinsa. Biyu ban san hannunsu ba, ɗaya ta ce goma, lambar 'yata, ɗaya ta ce bakwai, lambar Kaska. Ta ukun kuwa bakwai ce mai sanda a ƙugu, da koren biro. Shekara arba'in na san bakwai ɗinka, Malam. Kai ne ka raba gardamar, kuma kai ne ka yanka 'yar ɗan'uwanka.

Ba ta yi kuka a ɗakin wasan ba. Da muka dawo gida ta je ta zauna a ƙarƙashin kwandon da na lanƙwasa mata da rodi tana shekara bakwai, ko takalmi ba ta cire ba. Ban gaya mata kai ne ba. Har yanzu tana cewa, “Na san Baffa ni ya zaɓa, sauran biyun ne.”

Ka ba ni amsa a rubuce. Na bar ka lafiya.

Yayanka, mai walda.

*

Laraba

Zuwa ga Yaya,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kai da Barewa da mahaifiyarta kuna cikin ƙoshin lafiya. Na ga takardarka a inda ka ce. Inna ta tambaye ni mene ne, na ce mata takardar aiki ce.

Ba zan yi maka ƙarya ba, bakwai ɗin tawa ce. Ban san kuma yayana ya koma tsince-tsince a ƙarƙashin tebur ba, amma tunda ka tsinta, bari in cika maka sauran.

Shekara sha tara ke nan ina zama a teburin nan, kuma takarda biyu nake riƙewa. Ta farko ta hukuma ce, maki da laifi kawai take ɗauka, ita kowa yake gani. Ta biyun tawa ce, da koren biro. A cikinta nake rubuta wadda ta jefa ba ta ci ba, da wadda ta miƙa ƙwallon da aka ci, da yadda maki yake a duk lokacin da aka fitar da 'yar wasa ko aka mayar da ita. Ba wanda ya sa ni, kuma ba wanda ya taɓa neman gani.

Ga abin da ta ce. Barewa ta jefa ƙwallo sau talatin da takwas, sha uku suka shiga. Ragowar makinta uku daga jifan laifi suka zo. Sau ashirin da biyar ke nan ta ɗauki wahalar mutum biyar ta jefar. Yarinyar da aka ba ta ta tsare kuwa, doguwar nan mai ɗaurin gwiwa, maki ashirin da huɗu ta ci, yawancinsu tana ita kaɗai kamar a tsakar gidansu.

Sai babbar maganar. A zango na uku Barewa ta yi laifi na huɗu, koci ya zaunar da ita. A lokacin ana cinmu da tazarar tara, talatin da uku da arba'in da biyu. Minti shida ta yi a benci. Da ta dawo mu ne a gaba da biyu, arba'in da shida da arba'in da huɗu. A minti shidan nan Kaska ce ta karɓi tsaron doguwar, ta manne mata har sai da ta fara yi wa rafali ƙorafi. Ta ƙwace ƙwallo sau uku, kuma yara huɗu daban-daban suka ci a hannunta, har da wadda duk shekara ba ta taɓa ci ba. A nan aka ci wasan, Yaya. Kai ma kana wurin, ka tuna.

Na shiga ɗakin nan da niyyar rubuta goma. Allah ya sani, tun da safe nake addu'ar takardata ta ba ni dama. Ba ta ba ni ba, ni kuma ban iya rubuta abin da idona bai gani ba. Ita ma 'yar mai wankin 'yar wani ce, kuma ita ma baɗi ta wuce shekaru.

Ina roƙonka ka bar ni in zo in yi wa Barewa bayani da bakina. Allah ya huci zuciyarka.

Ƙanenka, Malam.

*

Juma'a

Malam,

Sallama. Gaisuwa ta wuce haka ba ni da ita yau.

Takardarka ta koren biro ka jiƙa ta ka sha. Ni za ka kawo wa allo da alli? Ana zuwa kallon ƙwallon kwando ne don a ga ƙwallo ta shiga kwando, ba don a ga wata tana bin mutane tana numfashi a ƙeyarsu ba. In ba a jefa ba, da me za a ci? Duk ɗakin nan sunan wa aka riƙa kira? Ko kurma ya ji. Kuma kada ka zo min gida. Ranar da ka tako ƙofata, wallahi da ni za ka yi bayanin, ba da ita ba.

Tunda kai mai son hujja ne, ga hujja. A cikin ambulan ɗin nan akwai memorin wayata. Na ɗauki wasan da hannuna tun daga usur na farko, kamar yadda nake ɗaukar duk wasanninta shekara huɗu. Ka sa a kwamfutarka ka zuba ido, ka ga yadda ake jefa ta maki uku daga nesa, sannan ka dawo ka gaya min wace ce gwarzuwa.

Amma ni na san ba lissafi ne ya rubuta bakwai ɗin nan ba. Bari in tuna maka, tunda kai ka iya yin kamar ka manta. Shekara ashirin da shida da suka wuce ni da kai ƙungiya ɗaya muke, ni lamba goma, kai ne mai bi kana miƙo min. A wasan ƙarshe na ci maki talatin, aka ba ni kofi, aka ɗaga ni sama. Kai kuma ka tafi gida a ƙasa, ka ƙi shiga motar ƙungiya, ka yi sati ba ka yi min magana ba. Daga nan ka ajiye ƙwallo, daga baya ka koma tebur ka kama rubuce-rubuce. Kofin yana nan a shagona ina zuba notina a ciki, kuma duk ranar da ka shigo sai na ga idonka ya je kansa. Ba Kaska ka zaɓa ba, Malam, kanka ka zaɓa. Ka jira shekara ashirin da shida ka rama a kan yarinyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

To ni ma na je na yi karatu. Sakataren hukumar ya nuna min doka: duk mai zaɓen da yake da ɗan'uwa a fili dole ya faɗa a rubuce kafin wasa, a canja shi. Kai ba ka rubuta ba. In aka shigar da ƙara cikin kwana sha huɗu za a soke ƙuri'arka, ya zama ɗaya da ɗaya, in kuwa aka yi kunnen doki mai yawan maki ake ba wa. Kai kuma ba kai ba teburin nan har abada. Ina ba ka dama ka je da ƙafarka ka ce ka yi kuskure, kafin in je da tawa.

Yayanka.

*

Litinin

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girman da Allah ya ba ka a kaina, ko da kai ka janye taka gaisuwar.

Na kalli abin da ka aiko, sau uku. Na gode, domin ko ni ban taɓa tara hujja irin wannan ba. Ina zaton kai ba ka taɓa zama ka kalle shi daga farko zuwa ƙarshe ba, sai dai ka riƙa tsallakawa zuwa inda ta ci ka nuna wa masu kawo maka gyaran ƙofa.

Yaya, ba wasan ka ɗauka ba, Barewa ka ɗauka. Wayarka ba ta bar jikinta ko sau ɗaya ba. Shi ya sa duk abin da take yi in ƙwallo ba ta hannunta ya fito fes. Ga ta a tsaye riƙe da ƙugu, ana can ana kai wa kwandonmu hari. Ga ta ta ɗaga hannu tana neman a ba ta, alhali mutum biyu ne a kanta. Cikin sha ukun da ta ci, sau tara za ka ga wani gajeren hannu ya shigo daga gefen hoton ya ajiye mata ƙwallo daidai ƙirji. Fuskar mai hannun ba ta taɓa fitowa ba, amma akwai jan zare a wuyan hannun, kuma ka san mai shi.

Ka kuma saurari muryar da ta fi kowace ƙarfi a ciki. Taka ce. Da ƙwallo ta taɓa hannunta sai ka ce, “Jefa! Jefa mana!” Sau ɗaya ta juya za ta miƙa wa wadda take ita kaɗai a ƙarƙashin kwando, ka daka mata tsawa, ta fasa, ta jefa, ta doki allo. Kuma duk jifan da ta yi, ta ci ko ba ta ci ba, ba kocinta take kallo ba, kai take nema da ido.

Minti shidan da na ba ka labari kuwa babu su. Da aka zaunar da ita hoton ya yanke a kan maki talatin da uku, ya dawo a kan arba'in da shida. Na ce maka kana wurin, ashe ni ne na yi kuskure. Mai tsaron ƙofa ya ce kullum haka kake, da an fitar da ita sai ka kashe waya ka fita ka sha iska, sai ka ji an kira lambarta ka dawo. Kana neman ka soke zaɓe a kan wasan da ba ka gani ba.

Maganar kofi ta yi min ciwo, saboda akwai gaskiya a cikinta. Na ji haushi a ranar, kuma haushin ne ya fara sa ni riƙe takarda ta biyu. Kwana uku ke nan ina tambayar kaina ko shi ne ya riƙe min biro ranar Asabar. Na sake ƙirgawa, na sake, lissafin bai motsa ba. Ko da ina da ciwo, Kaska ce ta fi.

Rashin rubuta dangantakata kuma laifina ne, ba na musu. Girman kai ne, na ɗauka in na tashi daga teburin ba wanda zai iya. In ka kai ƙara ba zan kare kaina ba. Amma ba zan je in ce na yi kuskuren zaɓe ba, ko da za a ƙona teburin. Ka dai sani ba ni kaɗai za ka tayar ba. An riga an auna wa yarinyar can kayan makaranta, ubanta ya nuna min su a jikin igiyar shanya.

Allah ya daidaita tsakaninmu.

Ƙanenka, Malam.

*

Laraba

Malam,

Sallama. Ka iya magana, tun muna yara ka iya. Ni ban iya ba, ƙarfe na iya. Yanzu kuma ni ne mai laifi don na tsaya wa 'yata? Ina kake lokacin da nake rufe shago in kai ta atisaye, ruwa ko rana? Ka ce min uban wata ya nuna maka riga a igiya. To ni me zan nuna?

Na karɓo takardar ƙara, na cike ta, saura kwana uku wa'adi ya cika. Sakatare ya ce tunda Barewa ta kai sha takwas sai da sa hannunta. Saboda haka yau na zaunar da ita na gaya mata wanda ya rubuta bakwai. Na ba ta wasiƙunka duka biyu ta karanta, don ta san irin baffan da Allah ya ba ta. Memorin da ka dawo da shi kawai ta nema, ta shige ɗaki. Gobe da safe za mu kai.

Kwalin da ke gefen rediyon Inna naka ne. Na juye notinan, na goge shi da tsumma. Ka ɗauki kofinka, tunda shi kake nema tun asali, ka sa a kan teburin da za a tashe ka daga kai. Daga yau in mun haɗu a ɗakin Inna mu gaisa don idonta, shi ke nan.

Wanda ya kasance yayanka.

*

Lahadi

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da Goggo da yara.

Wa'adi ya cika jiya. Ban sa hannu ba. Kada ka gode min, ba don kai na yi ba. Na kalli hoton ni kaɗai daga farko har ƙarshe, kuma ka yi kuskure a lissafinka. Ba sau tara hannun Kaska ya shigo ba, sau goma ne. Na ƙarshen ta bayana ta miƙo, shi ya sa ba ka gani ba, amma ni na san ta inda ƙwallon ta zo.

Baba ba ya yi min magana. Shekaran jiya ya ɗauko injin yanka zai sauke kwandon tsakar gida, ya hau tsani, ya daɗe a sama, sannan ya sauko bai yanke ba.

Amma kai na fi jin haushi, Baffa. Baba bai gani ba ne, kai kuwa ka gani. Shekara huɗu kana zaune a teburin nan kana rubuta duk jifan da na zubar da duk lokacin da na tsaya riƙe da ƙugu. Shekara huɗu kana zuwa gidanmu kowane ƙarshen mako, ka ci abinci, ka dafa kaina ka ce, “Sannu da ƙoƙari, gwanata.” Da ka nuna min takardar nan sau ɗaya ina shekara sha huɗu, da na gyara. Ka ɓoye ta saboda kana tsoron fushin yayanka, ba ka fito da ita ba sai ranar da ba ni da sauran baɗi. Zaɓenka daidai ne, kuma ban yafe maka ba.

Akwai ƙungiyar manya da ke gwajin 'yan wasa nan da wata biyar. Babu karatu kyauta a ciki, amma zan je. Ka tattaro min takardun koren biron nan duka, na shekara huɗun, kada ka cire ko ɗaya. Ka ajiye su a ƙarƙashin rediyon Inna. Kada ka kawo da kanka.

'Yarka, lamba goma.